Nawa ne albashi mai tsoka, kuma nawa ke isar mutum ya zauna cikin rufin asiri?

Tambayar da aka yi ita ce: wane adadi ne za a kira albashi mai tsoka, kuma idan mutum ya kai shi, ya samu wadata ke nan?

Tambayoyi biyu ne aka ɗaure wuri guda, kowace da ma'auninta. Tsokar albashi matsayi ne, wato inda ka faɗo idan aka jera ka da sauran ma'aikatan wurin da kake zaune. Wadata kuwa tazara ce tsakanin abin da ke shigo maka da abin da dole ya fita kowane wata. Akwai wanda yake cikin na sama a albashi amma ba ya ganin ƙarshen wata sai da rance, akwai kuma wanda bai wuce na tsakiya ba amma hankalinsa a kwance yake. Zan bi ta kan ta farko a gurguje domin ta fi sauƙi, sannan in zauna kan ta biyu. Alƙaluman misalan da ke tafe ba na kuɗin wata ƙasa ba ne, sai ka ƙara musu sifili gwargwadon kuɗin da kake karɓa.

Abin da ake auna tsoka da shi shi ne albashin mutumin tsakiya. A jera masu cikakken aiki daga mai ƙaramin albashi zuwa mai babba, a tsaya kan wanda rabi ke ƙasa da shi rabi ke sama. Abin da yake ɗauka shi ne albashin tsakiya. Kada ka rikita shi da matsakaicin albashi da jaridu suka fi bugawa, wanda ake tara na kowa a raba da yawan mutane. Ka ɗauki ma'aikata goma, tara na karɓar 100, ɗaya na karɓar 2,000. Matsakaici zai fito 290, alhali na tsakiya 100 ne, kuma babu ko mutum ɗaya da ke kusa da 290. 'Yan tsirarun da ke ƙololuwa ne ke jan matsakaici sama, shi ya sa yawancin ma'aikata idan suka karanta shi sai su zaci su kaɗai aka bari a baya.

Ƙungiyar OECD, wadda galibin ƙasashenta masu arziki ne, tana kiran albashi ƙarami idan bai kai kashi biyu cikin uku na albashin tsakiya ba, tana kuma kiransa babba idan ya haura na tsakiya sau ɗaya da rabi. Wajen auna gidaje, a rahotonta na 2019 ta sanya masu matsakaicin hali tsakanin kashi 75 da kashi 200 cikin 100 na kuɗin shigar gidan tsakiya, wanda ya wuce ninki biyu ya shiga sahun manya. Cibiyar Pew ta Amurka ma kusan haka take yankawa, daga kashi biyu cikin uku zuwa ninki biyu. Don haka amsar ba ta da tsawo: idan kana ɗaukar ɗaya da rabi na albashin tsakiya, albashinka na da kyau, idan ka ninka shi sau biyu, ya yi tsoka a duk waɗannan ma'aunai. Adadin za ka same shi a binciken ma'aikata na hukumar ƙididdigar ƙasarku, kuma na birninku ya fi na ƙasa baki ɗaya amfani idan akwai shi, domin na babban birni da na ƙaramin gari kan yi nisa da juna. Ka kuma kwatanta kanka da masu sana'arka da suka yi shekarun da ka yi a aiki. Albashin da ya yi tsoka ga ɗan shekara 25 yana iya zama koma baya ga ɗan shekara 45 a aiki iri ɗaya.

Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne a ji albashin wata ƙasa a canza shi da farashin canji na ranar. Canji yana gaya maka nawa za a ba ka a banki, ba ya gaya maka nawa haya da magani suke a can. Saboda haka ne Bankin Duniya ke kwatanta ƙasashe da ƙarfin saye, wato abin da kuɗin ke iya saya a kowace ƙasa, maimakon canjin kasuwa, har layin matsanancin talauci da ya ɗaga zuwa dala 3 a rana a 2025 da wannan ma'auni aka yi shi.

Yanzu sai wadata. Kafin a auna ta, dole a tace adadin da ke kan takardar ɗaukar aiki, domin ba shi ne kuɗinka ba.

Farko a cire haraji da gudummawar fansho da inshorar lafiya da duk abin da ake zarewa kafin kuɗi ya shigo asusu. Da abin da ya rage ake yin kowane lissafi. Akwai tsoron da wasu ke yi cewa ƙarin albashi zai jefa su rukunin haraji na sama su koma karɓar ƙasa da na da. A tsarin haraji mai hawa-hawa hakan ba ya faruwa, domin babban kaso yana hawa kan abin da ya haura iyakar ne kawai. A ce 100 na farko harajinsa kashi 10 ne, abin da ya haura kuma kashi 25. Mai 100 zai biya 10 ya tafi da 90. Idan aka mai da shi 120, zai biya 10 a kan ɗarin farko da 5 a kan ashirin ɗin, ya tafi da 105. Inda asara ke iya faruwa da gaske shi ne wurin da ake yanke wani tallafi gaba ɗaya da zarar an haura wani adadi, wannan kam a duba shi kafin a karɓi ƙarin.

Sannan a raba albashin gida biyu: gindin albashi da alawus. Gindin shi ne tabbas. Alawus na gida, na sufuri, kuɗin ƙarin lokaci, kyautar ƙarshen shekara, sau da yawa ana iya rage su ko a tsai da su ba tare da an taɓa yarjejeniyar aiki ba, kuma a wurare da yawa ba a lissafa fansho da garatuti a kansu duka. Mutum biyu na iya ɗaukar 500 kowane, na ɗaya gindinsa 400, na ɗayan 150 ne sauran duk alawus. Yau daidai suke, ranar ritaya ko ranar da kamfani ya shiga matsi za su rabu. Ka'idar da nake ba kowa ita ce kada a ɗora haya ko bashi a kan kuɗin da ba shi da tabbas.

Abu na uku shi ne baki nawa ke cin albashin. Rabawa da yawan mutanen gida kai tsaye ba daidai ba ne, domin mutum huɗu a gida ɗaya ba sa biyan haya huɗu ko firji huɗu. Ma'aunin da hukumar ƙididdigar Tarayyar Turai ke aiki da shi yana ba babba na farko maki 1, duk wani mai shekara 14 zuwa sama maki 0.5, yaro ƙasa da 14 kuma 0.3. Miji da mata da yara ƙanana uku sun tashi 2.4 ke nan. Idan 600 ke shigowa gidan, a raba da 2.4, za a samu 250. Wanda yake zaune shi kaɗai yana ɗaukar 300, rabin albashin wancan, ya fi shi sararawa. Idan kana aika wa iyaye ko wasu 'yan'uwa kuɗi kowane wata, ka cire shi tun daga sama kamar haraji. Ba na ganin amfanin mutum ya riƙa rubuta shi a matsayin abin da zai iya dainawa alhali ya san ba zai daina ba.

Na huɗu, wanda aka fi mantawa, shi ne lokaci. Ka tara awannin aiki da na hanya, ka cire kuɗin da aikin da kansa ke ci (sufuri, cin abinci a waje, tufafin aiki, mai kula da yara), ka raba. Wata yana da mako 4.33. Mai albashi 400 da ke aiki awa 40 a mako da awa 5 a hanya yana ba da awa 195 a wata. Idan aikin na cin 20, kowace awa tana kawo masa kusan 1.95. Mai 520 da ke aiki awa 60 da awa 15 a hanya yana ba da awa 325. Idan aikin na cin 70, awarsa ba ta wuce 1.38 ba. A takarda ya fi wancan da kashi 30, a awa kuma yana ƙasa da shi nesa. Kuma akwai kuɗin da jiki ke biya: binciken haɗin gwiwa na Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya da ya fito a 2021 ya nuna aikin awa 55 ko fiye a mako yana da alaƙa da ƙarin haɗarin shanyewar ɓarin jiki da kashi 35, da mutuwa ta ciwon zuciya da kashi 17, idan aka kwatanta da masu awa 35 zuwa 40.

Bayan an tace, adadi guda ne ya fi kowane faɗin gaskiya game da wadata: kashi nawa na kuɗin da ke shigo maka ya riga ya yi mai shi kafin ka taɓa. Haya ko biyan bashin gida, abinci, wuta da ruwa, sufuri, kuɗin makaranta, magani, inshora, biyan bashi. Su ne na dole. Ka tara su ka raba da abin da ke shigowa. Idan sun tsaya a rabi ko ƙasa, kana cikin yalwa. Tsakanin kashi 50 da 60, rayuwa na tafiya babu matsi. Daga 70 zuwa 80, abu ɗaya ya lalace a gida an shiga bashi. Sama da haka hannu baka hannu ƙwarya ne, ko nawa ne albashin. Waɗannan iyakoki ba doka ba ne, awon hankali ne, amma dalilinsu a fili yake idan aka duba mutum biyu.

Na farko 1,000 ke shigo masa. Haya 350, bashin mota 200, makaranta 200, inshora da wuta da waya 100, cefane da mai 120. Jimla 970, saura 30. Na biyu 400 ke shigo masa. Haya 100, cefane 90, sufuri 30, wuta da waya 20. Jimla 240, saura 160, yana ajiye 60 daga ciki. Yanzu a ce an zabge wa kowannensu kashi 20, ko dai alawus ya tsaya ko kaya sun yi tsada daidai hakan. Na farko ya koma 800, yana da giɓin 170 kowane wata, kuma babu abin da zai iya yankewa cikin gaggawa domin haya da bashi da makaranta duk alƙawura ne da ya sa wa hannu. Na biyu ya koma 320, har yanzu da rarar 80. Idan kuma kowannensu na son tara abin da zai riƙe shi wata uku babu aiki, na farko yana buƙatar 2,910, wanda zai ɗauke shi sama da shekara takwas ko da bai taɓa rarar talatin ɗin nan ba. Na biyu 720 yake buƙata, cikin shekara guda ya gama. Na farko ne mai albashi mai tsoka, sau biyu da rabi na ɗan'uwansa, kuma shi ne ba ya barci.

Shahararren rabon nan na 50, 30, 20, wanda Elizabeth Warren da 'yarta Amelia Warren Tyagi suka yaɗa a 2005, daga nan ya samo tushe: rabi na dole, kashi 30 na sha'awa, kashi 20 na ajiya da rage bashi. A ganina ya fi amfani a matsayin ma'auni fiye da umarni. An tsara shi ne don gidajen Amurka masu matsakaicin hali, inda abinci ba ya kaiwa kashi 15 na kashe-kashen gida. Tun 1857 masanin ƙididdiga Bajamushe Ernst Engel ya nuna cewa duk sa'ad da kuɗin shiga ya ƙaru, kason da abinci ke ci yana raguwa, ko da adadin kuɗin abincin ya ƙaru. A ƙasashe da dama masu ƙaramin ƙarfi abinci kaɗai na cin kusan rabin kuɗin gida. Wanda yake cikin wannan hali idan aka ce masa ya tsai da na dole a rabi, an ɗora masa laifin da ba nasa ba. Amma dokar Engel ɗin kanta ma'auni ce mai kyau: idan cefanen gidanka bai wuce kashi ɗaya cikin biyar na abin da ke shigowa ba, kuma ba a rage wa kowa komai ba, ka fita daga matsi.

Gida ne babban abin da ke yanke hukunci, domin shi ne mafi girma kuma mafi wuyar sauyawa. Ka'idar kashi 30 daga dokokin gidajen gwamnati na Amurka ta fito: a 1969 aka ƙayyade haya a kashi 25 na kuɗin shigar mai haya, a 1981 aka ɗaga zuwa 30. Har yanzu a can wanda ya wuce 30 ana lissafa shi cikin waɗanda gida ya yi wa nauyi, wanda ya wuce 50 kuma nauyin ya yi tsanani. A lura, su da albashi kafin haraji suke aunawa. Tarayyar Turai da kuɗin hannu take aunawa, ta kuma yanka a kashi 40, tare da wuta da ruwa da ɗumama gida a ciki. Shawarata a haɗa haya da wuta da ruwa da sufurin zuwa aiki a auna su tare, domin haya mai arha a bayan gari sau da yawa tana dawowa ta hanyar kuɗin mota da awannin hanya. Idan su duka sun wuce kashi 45 na kuɗin hannu, sauran kasafin ba zai zauna ba komai tsantsenin mutum. Wanda yake zaune a gidan kansa ma kada ya rubuta sifili. Rufi da famfo da fenti da wayoyin wuta suna tsufa, kuma abin da aka saba warewa shi ne kusan kashi 1 zuwa 2 na darajar gidan kowace shekara.

Bashi shi ne na biyu. Masu ba da bashin gida a Amurka sun daɗe da ka'idar 28 da 36, wato gida kada ya wuce kashi 28 na albashi, dukkan basussuka a haɗe kada su wuce 36. Wannan iyakar da mai ba da bashi ke jin zai iya karɓo kuɗinsa ce, ba iyakar jin daɗinka ba, don haka ka tsaya ƙasa da ita sosai. Wurare biyu ake yaudarar mutane da lissafi. Na farko kuɗin ruwa na wata: kashi 3 a wata idan yana hawa kan kansa ya zama kusan kashi 43 a shekara, kashi 5 a wata ya zama kusan 80. Na biyu ruwan da ake lissafawa a kan asalin bashin har ƙarshe, alhali kana ragewa kowane wata. Bashin shekara ɗaya da aka ce ruwansa kashi 10 ne ta wannan hanya, ainihin tsadarsa kusan kashi 18 ce, domin a tsakiyar shekara rabin kuɗin kawai ke hannunka amma kana biyan ruwan duka. Masu babban albashi ma suna faɗawa wannan rami, saboda ana bin su da tayin bashi.

Abin da ke rusa kasafin mutane masu lissafi ma shi ne kashe-kashen da ba sa zuwa kowane wata: hayar da ake biya a dunƙule, kuɗin makaranta na zango, sabunta inshora da takardun mota, taya da batir, wayar da ta mutu, tafiya, bukukuwa. Mutum ya lissafa watan da babu ko ɗaya daga cikinsu ya ɗauka shi ne watan yau da kullum, alhali irin wannan wata ba shi da yawa a shekara. Maganinsa a ɗauko bayanin asusu na wata goma sha biyu, a tsamo duk irin waɗannan, a tara, a raba da 12, a riƙa tura wannan kaso wani asusu daban ranar da albashi ya shigo. Ga abubuwa masu ƙarewa kuwa a raba farashinsu da shekarun da suke yi. Motar da za ta yi shekara takwas tana cin kashi ɗaya cikin takwas na kuɗinta duk shekara, ko ka ware ko ba ka ware ba.

Wannan asusun daban yake da ajiyar ko-ta-kwana. Ita ta abin da ba a san ranarsa ba ce: rasa aiki, jinya, haɗari. Abin da aka saba faɗa wata uku zuwa shida ne, kuma na kashe-kashen dole ake nufi, ba na albashi ba. Wata uku na iya isar gidan da mutum biyu ke aiki a wurare daban-daban. Gidan da albashi ɗaya ke riƙe da shi, ko mai aikin kwantiragi, ko wanda sana'arsa ke da wuyar samun gurbi, shida ne mafi ƙaranci. Jinya ta cancanci kulawa ta musamman: a ma'aunin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi aiki da shi har zuwa 2025, gidan da ya kashe sama da kashi 10 na kasafinsa a kan lafiya daga aljihu an lissafa shi cikin waɗanda kuɗin magani ya durƙusar. Aikin da ke da inshorar lafiya mai kyau ga iyali duka yana iya fin wanda ya ɗara shi albashi amma babu ita.

Sai hauhawar farashi, wadda ke sa albashin da ya yi tsoka bara ya zama na tsakiya bana ba tare da an rage ko sisi ba. Ka raba 72 da kason hauhawar shekara, za ka ga shekarun da kuɗinka zai rasa rabin ƙarfinsa. A kashi 3, shekara 24. A kashi 12, shekara 6. A kashi 24, kusan shekara 3. Wajen auna ƙarin albashi, rabawa ake yi: an ƙara maka kashi 10, kaya sun tashi da kashi 20, sai ka raba 1.10 da 1.20, ka samu 0.917. An rage maka sama da kashi 8 ke nan, ko da takarda ta ce ƙari ne. Kuma adadin da hukuma ke fitarwa na kwandon kayan gida matsakaici ne. Idan haya da abinci ne suka cinye yawancin kasafinka kuma su suka fi tashi, taka hauhawar ta fi ta hukuma.

Da wannan duka za ka iya fitar da adadinka da kanka, daga ƙasa zuwa sama. Ka tara na dole na wata, har da kason kashe-kashen shekara. A ce sun tashi 300. Ka raba da 0.6, za ka samu 500: wannan ne kuɗin hannun da zai ba ka rufin asiri da ajiya. Ka raba da 0.5, za ka samu 600: wannan ne na yalwa. Don komawa albashin takarda, idan ana zare kashi 20, ka raba da 0.8, su zama 625 da 750. Waɗannan biyun ne za ka riƙe a zuciya ranar da ake cinikin albashi, ko ranar da aka yi maka tayin aiki a wani gari. A tayin wani gari sai ka sake lissafin daga farko da hayar can da sufurin can, kada ka ɗora kason ƙarin a kan kasafinka na yanzu.

Game da ko ƙarin kuɗi na ƙara farin ciki, an yi ta yawo da adadin dala 75,000. Daga binciken Daniel Kahneman da Angus Deaton na 2010 ya fito, a kan Amurkawa. Sun ga jin daɗin yau da kullum yana daina hawa a wajen wannan adadi a shekara, amma yadda mutum ke kimanta rayuwarsa gaba ɗaya yana ci gaba da hawa. A 2021 Matthew Killingsworth ya fito da bayanan da ba su nuna wata tsayawa ba. A 2023 shi da Kahneman da Barbara Mellers suka sake duba bayanan tare, suka ga tsayawar ta shafi kusan kashi ɗaya cikin biyar na mutanen ne kawai, wato waɗanda suka fi kowa ƙunci, a wajen dala 100,000, sauran kuwa suna ci gaba da hawa. Abin da ya fi amfani a ciki shi ne yanayin hawan: da ninki yake tafiya. Tashi daga 100 zuwa 200 yana kawo sauyi kwatankwacin tashi daga 1,000 zuwa 2,000. Ƙarin 100 da ya sauya rayuwar na ƙasa, na sama da ƙyar zai ji shi. Wannan ya sa a ƙasan tsani neman ƙarin albashi ya cancanci kusan kowace wahala, a sama kuma sai a fara tambayar me ake bayarwa a madadinsa na lokaci da lafiya.

Dalilin da ya sa masu babban albashi da yawa ba sa jin sun wadata shi ne kowane ƙari yana komawa alƙawari. An ƙara girma, sai a koma unguwa mafi tsada, a sauya mota da bashi, a sauya wa yara makaranta. Kowane ɗaya yana da hujja, amma duka suna shiga rukunin na dole, kuma sauka daga gare su ya fi hawa wuya ƙwarai. Ga shi kuma abokan kwatance sun sauya, yanzu da sababbin maƙwabta da sababbin abokan aiki ake auna kai. Hanyar da na ga tana aiki ita ce a raba kowane ƙari biyu tun watan farko, rabi ya tafi ajiya kai tsaye da umarnin banki kafin a saba da shi, rabin a more shi, amma a abubuwan da za a iya dainawa gobe. Tafiya ko sayen wani abu sau ɗaya ba ya ɗaure ka. Hayar da ta ƙaru tana nan kowane wata har ƙarshen yarjejeniya.

Albashin da ba ya barin komai don tsufa bai kai na wadata ba, ko da yau babu abin da aka rasa. Abin da aka saba shawarta shi ne kashi 10 zuwa 15 na albashi tun daga farkon aiki, har da abin da wurin aiki ke zubawa, wanda ya makara kuma dole ya ɗara haka. Ƙiyasin William Bengen na 1994 cewa mutum na iya cire kashi 4 na ajiyarsa a shekarar farko ta ritaya ya riƙa daidaitawa da hauhawar farashi har shekara 30, wanda ke nufin tara ninki 25 na kashe-kashen shekara, a kan tarihin kasuwannin Amurka aka gina shi. Inda hauhawar farashi ta fi ribar ajiya, ba zai tsaya yadda yake ba.

Mai kuɗin shiga da ba shi da tsayayyen adadi, kamar ɗan kasuwa ko mai aikin kamasho, ya ɗauki wata uku mafi rauni a shekarar da ta wuce ya gina na dole a kansu. Duk abin da ya shigo ya zuba a asusu ɗaya, ya riƙa biyan kansa adadi ɗaya kowane wata daga ciki, watanni masu kyau su cike marasa kyau.

Idan ka yi lissafin ka ga na dole sun haura kashi 80, rage ƙananan abubuwa ba zai fitar da kai ba, domin ba su ne suka kai ka can ba. Ka duba manyan uku, gida da sufuri da bashi, ka ga wanne zai iya motsi cikin wata shida: ƙaura zuwa haya mafi sauƙi idan yarjejeniya ta ƙare, sayar da motar da ake bin bashinta, ko haɗa ƙarfi kan bashin da ya fi tsadar ruwa ana biyan mafi ƙaranci a sauran. Idan an riga an matse su ukun kuma adadin bai sauka ba, matsalar ta kuɗin shiga ce, kuma awannin da ake ɓatawa wajen sake tsara kasafi gara a sa su wajen neman ƙarin ƙwarewa ko aikin da ya fi biya.